Shafin Zubairu da Idon Mamadu

Dogarawa, farkon Oktoba

Zuwa ga ƙanena Zubairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na Yamai. In ka tambaye mu, lafiya lau muke. Inna tana fama da gwiwarta, amma tana fitowa tsakar gida. Mijina Tanimun yana Malbaza wajen aikin siminti, sai ranar hutu muke ganinsa. An fara yankan gero, kuma bana Allah ya ba da.

Na san za ka yi dariya in Maman Sani direba ya miƙa maka takarda a tasha, ka ce Yaya ta koma zamanin da. Yi dariyarka, kai ka mayar da ni. Watan jiya na aiko maka da saƙon murya ina kukan rufin ajinmu da ke yoyo, magana tsakanin ya da ƙane. Sai ga muryata a shafinka na Kunnen Iyaka, ka sa mata kiɗa a ƙasa, ka rubuta da manyan baƙaƙe wai wata malamar lakwal ta tona asiri. Babu wanda bai san muryata ba a garin nan. Daraktan lakwal ɗinmu ya kira ni buro, ofishinsa, na tsaya gabansa kamar ɗalibar da aka kama tana satar amsa. Da na yi maka magana, sai ka hau gaya mini yawan mutanen da suka saurara. Rufin dai har yau yana yoyo.

Yanzu kuma ka aiko wai in zama wakiliyar sabon kamfaninka a Dogarawa. Ba zan yi ba, kuma bari ka ji dalili.

Na daɗe ina kallon ku, kai da abokinka Sadiƙu. Da farko kun ce rediyo ya mutu, jarida ta mutu, duk mai waya ɗan jarida ne. Sai aka shiga yayin kai saƙo, kuka tara 'yan kabu-kabu na Konni kuka ɗinka musu riguna ruwan lemo, wai mace ta danna waya a kawo mata tumatir har gida. Matan Konni suna da ƙafafu, kuma suna son su taɓa tumatir kafin su saya. Na ga ɗaya daga cikin rigunan a jikin mai wankin mota. Yanzu kuma manhajar sayar da dabbobi, Garkena, wai mutum ya sayi sa a hoto, a ƙasar da sai an hau tudu ake samun rezon waya. Kai ma ka san ba don makiyayi kuka ƙera ta ba. Kun yi ta ne don mutanen da ke zama a manyan otel suna raba kyautar gasa, ku tsaya gabansu da kwat kuna jero kalmomin Faransanci. Bana dabbobi ake yayi. In baɗi aka ce kifi, za ka zo ka ce mana tun kana yaro kake tunanin kifi.

Mamadu ya zo gaida Inna, ya ce ka sa an ɗauki hotunan shanunsa za a sa a fuskar manhajar. Sai murna yake, wai ɗan'uwansa zai sa shi a intanet. Na bar shi da murnarsa. Amma kai zan tuna maka ko wane ne shi. Da Inna ta kwanta ciwo bayan haihuwarka, uwarsa Gwaggo Gimbiya ce ta goya ka zuwa ruga, ta shayar da kai tare da shi har ka fara rarrafe. Ɗan'uwanka ne na nono. Kada ka yi wasa da amanarsa kamar yadda ka yi da muryata.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da shafinka ya koma. Tun da ka gane labarin satar shanu da 'yan bindiga shi ke jawo mabiya, ba ka da wani aiki sai shi. Duk wanda ya turo maka bidiyo sai ka ɗora, ba ka tambayar wa ya ɗauka, a ina, ko yaushe. A Yamai abin kallo ne kafin a kawo shayi. A nan mutanen da ke cikin bidiyon suna da sunaye, suna cin kasuwa, kuma jama'a a tsorace take, kowa ya san wani da aka kore wa garke. Ka rage, Zubairu.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ka gai da Sadiƙu in ka ga dama.

Yayarka,
Lubabatu

*

Birnin Konni, tsakiyar Oktoba

Zubairu,

Assalamu alaikum. Sallama haƙƙin musulmi ce, shi ya sa na yi maka ita. Ina fatan kana lafiya, domin ina so ka karanta wannan da idanunka biyu.

A barandar asibitin Konni nake rubuta maka, takardar a bisa gwiwata. Mamadu yana ciki. Zan faɗa maka abin da ya faru dalla-dalla, ba don ba ka sani ba, sai don kada wata rana ka sake masa siffa, tun da aikinka ke nan.

Jajibirin kasuwa, muna hutun rana a lakwal, wata abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta. Bidiyo ne a shafinka: wani mutum da malafa yana kora shanu ta wani kwari kusa da iyaka. A sama ka rubuta, ga wanda ke kai wa 'yan bindiga shanun sata. Tun kafin ya juyo na gane tafiyarsa. Da ya ɗaga kai kuwa, babu sauran shakka.

Na karya alkawarin da na yi wa kaina na daina yi maka magana a waya, na kira ka. Na ce, Zubairu, Mamadu ne, cire shi yanzu. Ka ce: “Yaya, na gane shi bayan na ɗora. Amma bidiyon yana tashi, in na cire yanzu shafin zai yi ƙasa. Bari zuwa gobe, zan gyara.” Na ce gobe kasuwa. Ka ce kana cikin taro, ka kashe. Haka ka faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Na ɗauki kabu-kabu har ruga. Gwaggo Gimbiya ta ce ba ya nan, yana kan hanya da dabbobi, kai tsaye zai wuce Konni. Mun yi ta kiran 'yar wayarsa, ba ta shiga. Ban iya gaya mata dalili ba, na ce saƙo ne kawai. Da gari ya waye na shiga motar farko, amma ya riga ni isa.

Shanun na Alhaji Ƙasimu na Malbaza ne. Ya saye su a ƙetare da takardunsu cikakku, ya ɗauki Mamadu ya koro masa su zuwa kara, kasuwar dabbobi ta Konni. Wanda ya ɗauki bidiyon wani ne da ya hango su daga kan babur, bai san kowa ba, bai tambayi kowa ba, ya turo maka.

Waɗanda suka gani sun ce yana tsaye yana ɗaure wani bijimi, sai wani saurayi ya ɗaga waya yana duban fuskarsa yana duban wayar. Ya kira wani, wani ya kira wani. Mamadu da ya ga ana nuna shi da waya sai ya yi murmushi. Ya zaci hotunan manhajarka ne suka fito. Har ya ce musu, “E, ni ne, ɗan'uwana ne ya sa.” Daga nan sanda ta fara sauka.

Da jandarmomi ba su iso da wuri ba, da gawa za mu ɗauka. Ni na tarar ana sa shi a mota, rigarsa ta rine da jini, bai san inda yake ba. Akwai waɗanda suke biye da motar suna ɗauka da waya, kuma na tabbata wasunsu kai za su tura wa.

Hannunsa na dama ya karye, haƙarƙari biyu sun tsage. Idon hagu ne likita ya ce sai kumburi ya sauka za a san abin da ya rage. Gwaggo Gimbiya tana zaune a ƙasa kusa da gadon, ba ta kuka, ƙuda kawai take kore masa. Da ya farfaɗo ya gan ni, abin da ya fara tambaya shi ne ko shanun Alhaji sun watse.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Ka cire bidiyon. Ka zauna gaban wannan wayar taka, da fuskarka da sunanka, ka faɗa da Hausa cewa ƙarya ka yaɗa, Mamadu ɗan Gimbiya ba ɓarawo ba ne, kuma ba ka bincika ba. Ka bar shi a saman shafin har duk wanda ya ga na farko ya ga na biyu. Sannan ka shigo mota ka zo.

Inna ba ta san kai ne ba tukuna. An ce mata rikicin kasuwa ne. Ba zan iya riƙe wannan da daɗewa ba.

Lubabatu

*

Dogarawa, Nuwamba

Zuwa ga Zubairu,

Bayan sallama, da fatan kana lafiya. Mu dai ga mu nan.

Na ga takardata a shafinka. Na rubuta a takarda don kada ka yaɗa, sai ka ɗauke ta hoto. Ban taɓa zaton za ka kai nan ba, wautata ke nan. Kuma ba duka ka sa ba. Ka yanko wurin da na ce ba roƙo nake ba, ka rufe sunan Mamadu, ka jefar da duk abin da na faɗa game da kiran da na yi maka. A sama ka rubuta wai har a cikin gida ana matsa wa ɗan jarida mai faɗin gaskiya. Na zauna na karanta abin da mabiyanka suka rubuta a ƙasa. Wani ya ce an saye ni. Wata ta ce ka yi haƙuri, 'yan'uwa su ne maƙiyan farko. Wani da ko sunansa na gaskiya bai sa ba ya ce a binciki mijina. Waɗannan su ne jama'ar da kake alfahari da su. Mutum yana kwance a katifa a wata ƙasa, ya yanke wa wanda bai taɓa gani ba hukunci da babban yatsa, ya wuce zuwa bidiyon rawa.

Bidiyon Mamadu ka cire shi a ɓoye, ba ka ce uffan ba. Kana ganin ka gama. To, yana cikin wayar kowa, yana yawo daga wannan rukuni zuwa wancan, da tambarin Kunnen Iyaka a kusurwarsa. Shekaranjiya wata ƙawata ta turo mini shi daga Tawa tana cewa mu yi hattara da mutumin nan.

Jandarmomi sun gama bincikensu. Alhaji Ƙasimu ya je da takardun shanun da shaidunsa, aka tabbatar Mamadu ba shi da laifin kome. An kama uku daga cikin waɗanda suka doke shi. Wannan labarin bai fito a shafinka ba. Na gane dalili: mutum marar laifi ba ya jawo masu kallo.

Maman Sani ya kawo mini amsarka ta baki. Wai Sadiƙu ya ce in kuka fito kuka amsa kuskure yanzu, masu zuba jari za su ja baya, ga gasar kamfanoni ta kusa, a bari ta wuce. Wai kuma ba kai ka riƙe sanda ba. Gaskiya ne, ba ka riƙe ba. Kai dai ka nuna musu wanda za su doka, aka gaya maka, ka ce a bari sai gobe. Kuma har yanzu hoton shanunsa ne a fuskar Garkena. Da su za ka shiga gasar.

Bari ka ji yadda ake ciki a nan, tun da kai mai son labari ne. An sallamo Mamadu. Idon hagu ya tafi, likita ya ce ba zai dawo ba. Gwaggo Gimbiya ta kai nono kasuwa ta dawo da shi a ƙwarya yadda ta tafi da shi. Matan da suka yi shekara da shekaru suna saye a wurinta sun kau da kai. Ba wai duka sun yarda da ƙaryar ba, tsoro suke kada a gan su tare da ita. Ɗiyar Mamadu, Nabila, a ajina take. Ta daina zuwa tun ranar da wasu suka kira ta ɗiyar ɗan bindiga a lokacin hutun tara. Na hukunta su, amma daga gidajensu suka ɗauko maganar.

Inna ta sani yanzu. Ba ni na faɗa mata ba, a gidan suna ta ji. Ta dawo ta zauna a bakin gado da mayafinta, ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne. Ta ce, “Ya san Mamadu ne?” Na ce ya sani. Wayar da ka saya mata tana cikin kwalla, ta rufe da faifai. In ka kira ba a ɗauka ba, ba rezo ba ne.

Kana iya ɗaukar wannan ma hoto. Amma ka sa ta duka.

Lubabatu

*

Dogarawa, ƙarshen Disamba

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Inna ta ɗan yi zazzaɓi amma ta samu sauƙi. Tanimun yana gaishe ka, ko da yake ni ban so ya aiko da gaisuwar ba.

Saƙonka ya iso. Da na ji an ce kana so ka zo ka nemi gafara, wallahi zuciyata ta yi sanyi, har na tashi zan gaya wa Inna. Sai na ji sauran. Za ka zo da mai ɗaukar hoto. Za a ɗauki lokacin da kake durƙusawa gaban Gwaggo Gimbiya, a ɗauki idon Mamadu daga kusa, a buɗe asusun taimako a shafinka, mabiya su tara masa abin da za su tara. Har ka ce irin wannan bidiyon ya fi kowane iri tafiya a yanzu. Zubairu, wane irin ciwo ne ya kama ka? Ka sayar da dukan, yanzu kuma za ka sayar da ban haƙurin.

Duk da haka na kai saƙon, don ba ni da ikon yanke musu hukunci. Na same su suna kwance bukkoki. Mamadu yana zaune a inuwa da tsumma a rabin fuskarsa, yana nuna wa mata yadda za su ɗaure kaya, don hannun bai gama ɗorewa ba. Na faɗa masa yadda ka ce. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Yaya Luba, ki ce masa an kalle ni ya isa.”

Tashi suke yi. Za su koma wajen dangin Gwaggo a ƙasar Illela. Rugar nan tun kafin a haife ni take bayan garin nan. Mamadu ya ce ba zai iya shiga kara a Konni ba, in ya ga mutum ya zaro waya daga aljihu sai jikinsa ya ɗauki rawa. Kuma babu mai ba shi kiwo yanzu in ba Alhaji Ƙasimu ba. Kowa yana cewa ya san ba shi da laifi, amma dai.

Ranar da za su tafi Gwaggo Gimbiya ta zo yi wa Inna sallama. Inna ta rarrafo daga kan tabarma da wannan gwiwar tata, ta kama ƙafafunta tana kuka, tana cewa ki yafe mini, ni na haife shi. Gwaggo ta ɗaga ta, ta zaunar da ita, ta ce, “Ke kika haifa, ni na shayar. In akwai laifi a nan, namu ne mu biyu.” Inna ta ce to ki yafe masa. Gwaggo ta gyara bakin zanenta. Ta ce, “Ba zan yi masa baki ba, nonona yana jikinsa. Amma kada ya zo inda nake.”

Na raka su har bakin hanya. Nabila tana bisa jaki da 'yar jakar lakwal ɗinta a rungume. Na ba ta littattafan karatu na wannan shekara, na rubuta wa daraktan can takarda, ban sani ba ko akwai lakwal kusa da inda za su sauka. Ita ce ta fi kowa iya lissafi a ajina.

Saboda haka kada ka zo da kowa, kada ka buɗe asusun kome da sunansa. Abu ɗaya aka nema a wurinka tun farko, ka fito ka ce ƙarya ne. Ba ya bukatar mai ɗaukar hoto, ba ya bukatar izinin Sadiƙu. Har yau ba ka yi ba.

Yayarka,
Lubabatu

*

Dogarawa, Maris

Zuwa ga Zubairu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya. Zafi ya fara a nan, Inna tana wuni a ƙarƙashin itacen bedi, gwiwar da sauƙi.

An nuna mini hotonka kana karɓar kyauta a gasar. Na kuma ji kun ajiye maganar dabbobi, kun sake suna, yanzu manhajar tantance labaran ƙarya kuke ƙerawa, tun da ita ake yayi. An ce ka tsaya gaban mutane ka ce ka ga illar jita-jita da idonka a yankinku, shi ya sa abin ya dame ka. An tafa maka.

Ka sa Maman Sani ya tambaye ni inda su Mamadu suka sauka. Na sani, na je har sau biyu. Ba zan faɗa maka ba.

Dalilin wannan takarda daban ne, kuma na fi so ka ji daga gare ni kafin sammaci ya same ka. Mamadu ya kai ƙararku kotu a Konni, kai da shafinka. Ba wanda ya zuga shi. Alhaji Ƙasimu ya samo masa lauya, shi ke nan. Da na je wurinsu na tambaye shi abin da yake nema. Ya ce ba ya son ko tunkiya daga hannunka. Ya ce a can ma bidiyon ya riga shi isa, a bakin rijiya wani ya gane shi, aka janye yara daga kusa da shi. Ya ce, “Na jira shi ya faɗa da bakinsa, bai faɗa ba. To, alƙali ya faɗa, a rubuta, in samu abin da zan nuna wa mutane. Nabila za ta girma, za a tambayi ko ɗiyar wa ce.”

Lauyan ya ce za ka kare kanka da cewa kuskure ne, ba ka san ko wane ne ba, kuma da ka sani ka cire. Ya tambaya ko akwai wanda zai shaida cewa an sanar da kai kafin a taɓa shi. Mamadu bai dube ni ba, bai roƙe ni ba. Ni na ce akwai.

Zan tsaya gaban alƙali in rantse, in faɗi abin da na gaya maka a waya da abin da ka amsa mini. Na san abin da hakan zai iya jawo maka. Lauyan bai ɓoye mini ba, ya ce ana iya rufe shafin, ana iya wuce nan. Na yi kwanaki ina juya abin. Ni na goya ka zuwa lakwal ranar farko, ni na wanke maka ƙafa da ka taka kwalba. Ba na jin daɗin wannan ko kaɗan, kuma duk wanda ya ce maka ina yi don ƙiyayya, ƙarya yake. Ina fushi da kai, fushin da ban taɓa yi da wani ba. Amma ko babu fushin, abin da na ji na ji, kuma in aka tambaye ni zan faɗa.

Tanimun ya ce in bari, dangi za su zage ni. Sun ma fara. Kawu ya aiko wai ba a kai ɗan'uwa gaban hukuma. Na ce masa Mamadu ma ɗan'uwa ne, kuma shi aka kai asibiti.

Wurin Inna na fi jin tsoro. Na zauna na gaya mata duka, na ce in ta hana ni, ban san yadda zan yi ba. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, “Abin da za ki faɗa, haka aka yi?” Na ce haka aka yi. Ta ce, “To, je ki faɗa.” Ta juya fuska bango, na ji tana kuka, ban taɓa ta ba.

Har yanzu kana da sauran lokaci kafin ranar zama. In ka fito ka faɗi gaskiya da kanka, lauyan ya ce zai yi magana da Mamadu, ko da yake bai yi alkawarin kome ba. In kuma ka zaɓi ka saurari Sadiƙu, sai mun haɗu a can.

Saƙo na ƙarshe na Inna ne, ta sa na maimaita mata shi don kada in canza. Ta ce in ka zo shari'a kada ka sauka a otel kamar baƙo. Ka sauka gida, an share ɗakinka, za ta sa a yi maka tuwon gero da miyar kuka. Da safe mu shiga mota ɗaya zuwa Konni, ni da kai. In mun isa, kai ka zauna inda aka ce ka zauna, ni in zauna inda aka ce in zauna. In an tashi, duk yadda aka yanke, wanda aka bari ya fito a cikinmu ya dawo ya gaya mata da bakinsa, ba ta so ta ji a waya.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Lubabatu